Antony Flew: Masanin da ya yarda akwai Allah bayan shekara 50 yana musu, amma ya ƙi zama Kirista

A watan Disambar 2004 wani labari ya girgiza masana falsafa a Turai da Amurka. Farfesa Antony Flew, ɗan Birtaniya mai shekara 81, ya ce yanzu ya yarda akwai Mahalicci.

Flew ya shafe sama da shekara 50 a sahun gaban masu musun samuwar Allah. Mahaifinsa limamin cocin Methodist ne, amma shi tun yana ɗan shekara 15 ya bar addini.

A 1950 ya gabatar da wata gajeriyar maƙala a Jami'ar Oxford, gaban ƙungiyar muhawarar da marubuci C.S. Lewis ke jagoranta. Ya kawo misalin mutum biyu da suka ci karo da wani lambu a daji. Ɗaya ya dage cewa akwai mai kula da shi. Suka yi gadi, suka kafa shinge, suka kawo karnuka, ba su ga kowa ba. Flew ya ce idan ba a ganin mai lambun kuma babu alamarsa, to da shi da babu duk ɗaya.

Me ya sauya masa tunani?

Flew ya ce kimiyya ce, musamman binciken ƙwayoyin gado na DNA. A ganinsa, tsarin da rai ke buƙata kafin ya samu ya wuce a ce katsam ya faru. Dole akwai mai hikima a bayansa.

Irin wannan hujja ta daɗe. A ƙarni na 13 malamin Katolika Thomas Aquinas ya kawo hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Allah da hankali, ciki har da tsarin halitta. Kafin shi, Imam al-Ghazali ya kafa hujja da cewa duk abin da yake da farko yana da sanadi, duniya kuwa tana da farko. Masanin Kirista ɗan Amurka William Lane Craig ya farfaɗo da wannan hujja a littafinsa na 1979, kuma ya yi muhawara da Flew a 1998.

Inda hanya ta rabu

Kiristoci da dama sun yi murna da labarin, sai dai Flew ya taka musu burki. Ya ce Mahaliccin da ya yarda da shi irin na Aristotle ne, wanda ba ya sa hannu a lamuran mutane. Bai yarda da wahayi ba, bai kuma yarda da rayuwa bayan mutuwa ba.

A nan gizo ke saƙar. Kirista ya gaskata da Allahn da ya kira Ibrahim, ya fitar da Isra'ilawa daga Masar, ya bayyana cikin Yesu Almasihu, yake kuma amsa addu'a har yau. Hujjar sanadi ko ta tsarin halitta ba ta kai mutum can. Shi kansa Aquinas ya ce aƙidar Triniti ta wahayi ake saninta, hankali kaɗai ba ya gano ta.

Shi ya sa masana Kirista ke komawa ga tarihi, musamman batun tashin Yesu daga matattu. A littafin da Flew ya fitar a 2007 tare da Roy Varghese, an bai wa Bishop N.T. Wright na Durham fili ya kare wannan aƙida. Flew ya yaba da bayanin, amma bai karɓa ba.

Wasu masu suka sun ce tsufa ya kama Flew kuma Varghese ne ya rubuta mafi yawan littafin. Flew ya mayar da martani cewa ra'ayinsa ne a ciki.

Ya rasu a watan Afrilun 2010 yana da shekara 87. Masu musun Allah sun rasa jagoransu tun yana raye, coci kuwa ba ta samu sabon mabiyi ba.