AWON SAURIN KARATU DA RUBUTU A GAYYAR FAYA-FAYAN KWAMFUTA



Tun daga ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aikin ofis yake ta bunƙasa a Gusau da ƙananan hukumomi goma sha huɗu na jihar. Kundin albashi, da takardun filaye, da sakamakon jarrabawa a makarantu kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013, duk irin bayanan da a yau akan danƙa wa kwamfuta ne. Sau da yawa wanda zai sa hannu a sayo na'urar ajiyar akawu ne ko sakatare, ɗan kwangila kuwa zai miƙo masa takarda cike da alƙaluma, yana cewa kayansa sun fi na kowa sauri. Manufar wannan lacca ita ce a san yadda ake auna wannan saurin.

A 1988 masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka, watau David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takarda a kan haɗa ƙananan faya-fayai masu araha su yi aikin babba guda, ta yadda ko ɗaya ya mutu bayanai ba za su salwanta ba. Sun taƙaita sunan dabarar da haruffan RAID. Ni dai, a matsayina na malamin Hausa, na fi son in kira ta gayyar faifai, domin aikin gayya ne sosai: noma ɗaya, hannu da yawa.

Gayyar iri-iri ce. A mataki na 0 rarraba bayanai kawai ake yi a kan faya-fayan, akwai sauri amma faifai ɗaya ya mutu an yi asarar kome. A mataki na 1 kowane faifai yana da ɗan tagwai, abin da aka rubuta a nan sai an rubuta a can. Mataki na 5 shi ne mai buƙatar natsuwa. A ce akawu uku ne, na Gusau da na Tsafe da na Bunguɗu. Na farko ya rubuta buhu 40, na biyu 25, na uku 15, sannan akawu na huɗu ya riƙe jimla, watau 80. In littafin Tsafe ya ɓace, sai a ɗebe 40 da 15 daga 80, a sake samun 25. Kwamfuta ba tarawa take yi kamar haka ba, amma hikimar ke nan, kuma wannan jimla ita na kira shaida. Mataki na 6 shaida biyu yake riƙewa, don haka yana jure mutuwar faifai biyu.

To, ga inda gizo ke saƙar. In akawun Tsafe zai gyara 25 ta koma 30, dole a karanta tsohuwar lamba, a karanta tsohuwar shaida, a rubuta sabuwar lamba, a rubuta sabuwar shaida. Ƙaramin rubutu ɗaya ya zama aiki huɗu. A mataki na 6 aiki shida ne, a tsarin tagwaye kuwa biyu.

Bari mu sa alƙaluma. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 a daƙiƙa, kuma in an haɗa jiran juyi da tafiyar allurarsa, ba ya wuce aiki wajen 80 a daƙiƙa in bayanan a warwatse suke. Faya-fayai huɗu ke nan za su iya karatu 320. Amma wajen ƙananan rubuce-rubuce, tsarin tagwaye zai ba da 160, mataki na 5 ya ba da 80, mataki na 6 kuwa wajen 53. In kashi 70 cikin ɗari na aikin ofis karatu ne, 30 rubutu, mataki na 5 zai ba da wajen 168, watau bai ɗara rabin 320 da kirki ba. Ɗan kwangila 320 zai rubuta a takardarsa, kuma bai yi ƙarya ba, karatu kaɗai ya auna.

Saboda haka awo iri biyu ne. Akwai awon jere, watau megabait nawa ake kwasa a daƙiƙa in babban fayil ne guda, kamar ɗaukar buhu sukutum. Akwai kuma awon warwatse, watau aiki nawa ake gamawa a daƙiƙa, kamar tsintar gero a tsakar gida. Kundin albashi da rajistar ɗalibai tsintar gero ce, kuma a ganina awon warwatse shi ya kamata ma'aikaci ya fara nema. Kayan awon kyauta ne: akwai fio wanda Jens Axboe ya rubuta, da Iometer wanda kamfanin Intel ya fitar a 1998.

Sai dai mudu ma yana iya yaudara. Kowace na'ura tana da 'yar ma'ajiya mai saurin gaske inda bayanai kan dakata kafin su isa faifai, tamkar zaure kafin cikin gida. In fayil ɗin gwaji bai fi zauren girma ba, to zauren aka auna. Lalle ne fayil ya ninka shi, ko a umarci na'urar awo ta wuce shi kai tsaye, a kuma maimaita gwajin aƙalla sau uku. Wannan zaure yana da hatsari a inda wuta take ɗaukewa ba sallama, domin na'ura takan ce ta rubuta alhali bayanan suna zaure. In ba baturi a jikinsa, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta raba lamba da shaidarta. Faya-fayan zamani marasa juyi suna yin dubban ayyuka a daƙiƙa, amma saurin rubutunsu kan ragu bayan sun cika, don haka sai an cika su kafin a auna.

Awo na ƙarshe shi ne wanda aka fi mancewa. A zare faifai ɗaya da gangan, kafin a zuba bayanan gaske, a sake aunawa. A lokacin nan duk karatun da ya faɗa kan faifan da babu sai an tambayi sauran duka, aiki ya yi nauyi. Bayan an sa sabo kuma sai an sake gina shi. Faifai mai terabait 8, ana cika shi da megabait 150 a daƙiƙa, zai ci awa 15 ko kusa da haka, in ma ba wanda yake taɓa na'urar. A mataki na 5, faifai na biyu ya mutu cikin waɗannan awoyi, shi ke nan, kuma zafin watan Afrilu a Gusau da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'ura. Ya kamata wannan adadi na awoyi ya fito a rubuce cikin takardar kwangila, tare da sakamakon awon da aka yi da faifai ɗaya a zare, kafin a sa hannu a biya.