Ruwa Uku da ke Neman Mai Keken Duwatsu

(Sautin ruwan sama a kan ganye, da ƙarar tayar keke cikin laka. A rage sauti a hankali.)

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu wani ƙaramin gari mai suna Fort William, a yammacin Sikotland, can gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, mita 1,345. Abu biyu aka san garin da su: ruwan sama da keke. Iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika tana zuwa ɗauke da danshi, ta ci karo da duwatsu, ta hau sama ta yi sanyi, sai ta sauke kayanta a kan mutanen wurin. A 2002 aka fara kai gasar cin kofin duniya ta gangarowa daga dutse a kan keke zuwa garin, kuma a can aka fitar da zakarun duniya na wannan fanni a 2007 da 2023.

To amma ba zakarun ne suka kawo mu ba. Su keken igiya ke ɗaukarsu zuwa sama, su gangaro cikin minti biyar, an gama. Mu wanda muke bi shi ne mutumin da ke taka fedarsa da ƙafarsa tun daga ƙasa har ƙololuwa, da kuma tambayar da yake yi wa kansa kafin ya fita: wace riga zan sa?

Wasan kansa ba a ƙasar ruwa aka haife shi ba. A gundumar Marin ta jihar Kalifoniya ne wasu samari irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly suka riƙa gangarowa daga tuddai a kan tsofaffin kekuna masu nauyi, a shekarun 1970. Tserensu na farko a 1976 suka yi shi, a wata gangara da birki ke ɗaukar zafi har man da ke cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani kafin a koma. Kafin shekara ashirin ta cika wasan ya zagaye duniya, har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Da ya isa ƙasashen da ba a raba damina da rani, sai maganar riga ta zama babba.

(Kiɗa kaɗan.)

Ku ɗauka mutumin nan ya baro gari da hantsi, gari ya yi luf-luf, ana yayyafi. Gabansa hawa ne na kusan awa guda, turba ce mai tsakuwa da saiwoyin itace. Kafin ya yi minti goma sha biyar jikinsa ya ɗauki zafi, gumi ya keto. Mai irin wannan aiki yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa, wani ma ya zarce. Ya kai sama, ya tsaya ya numfasa, sai iska ta same shi. Ita kuwa iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce, domin duk mita 1,000 da aka ƙara, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Sannan ya juya kan kekensa ya gangaro. Yanzu ba ya taka feda, jiki ya daina hura wuta, iska na dukan ƙirjinsa, rigar cikinsa kuma sharkaf take. Jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe ɗumin jiki da sauri ƙwarai fiye da busasshe. Daga nan sai makyarkyata, sai yatsu su sandare su ƙi matsa birki yadda ya kamata. In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, likita ma ya san an shiga haɗari.

Ruwa uku ke neman wannan bawan Allah. Akwai na sama, wanda kowa ya sani. Akwai na ƙasa, wato laka da ruwan kwatami da tayar baya ke watso masa tun daga ƙugu har ƙeya. Na ukun shi ne na jikinsa, kuma a ganina shi ne mugun, don shi ne wanda mai saye ke mantawa da shi a shago.

Wani zai ce, ai ga rigar leda irin ta 'yan acaba, ko ɗigo ba ya ratsa ta. Gaskiya ne. Amma ɗan acaba zaune yake, inji ke masa aiki. Ka sa wannan riga ka hau tudu da keke, sai ka zama tukunyar da aka rufe a kan wuta. Uwargida ta san abin da take gani in ta ɗaga murfi: tururi ya koma ruwa yana ɗiga. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wannan matsala tsohuwa ce, kuma abin mamaki a Sikotland ɗin ta fara. A 1823 wani masanin haɗa sinadarai na birnin Gilasgo, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabararsa ta narkar da roba a shafa tsakanin ƙyalle biyu. Har gobe Turawan Ingila da sunansa suke kiran rigar ruwa. Rigunan farko sun tare ruwa, sai dai wari gare su, su sandare in an yi sanyi, su yi danƙo in an yi zafi, kuma duk inda allurar tela ta huda, nan ruwa ke bi. Gumi kuwa ba shi da mafita.

Sai a 1969 wani injiniya Ba'amurke, Bob Gore, yana gwaji da sandar wata roba mai zafi, irin wadda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Ya yi ta ja a hankali tana tsinkewa. Da haushi ya kama shi sai ya fizge ta da ƙarfi, maimakon ta tsinke sai ta miƙe, ta zama wani siririn yaɗi cike da ƙananan ƙofofi. Daga nan yaɗin rigunan ruwa da ake kira Gore-Tex ya samo asali. Kamfanin da ke yin sa ya ce kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ruwan sama ba ya shiga, tururin gumi yana fita. Yau kamfanoni da dama suna da nasu yaɗin a ƙarƙashin wasu sunaye.

(Sautin zif, da motsin ƙyalle.)

In ka ɗauki irin wannan riga a shago, sau da yawa za ka ga lamba biyu a takardar da ke rataye. Ta farko da milimita ake rubuta ta, kamar 10,000 ko 20,000. Yadda ake samo ta shi ne, ka ɗauka an kafa dogon bututu a kan ƙyallen ana zuba ruwa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa. In an ce 10,000, to ruwa mai tsayin mita goma ƙyallen ya jure. Za ka ce wane ruwan sama ne ya kai haka? Babu. Amma igiyar jakar goyo da ke danna kafaɗa, da gwiwar hannu da ke lanƙwashe, su ke matsa ruwa ya ratsa. Mai fita na awa ɗaya ko biyu, 10,000 ta ishe shi. Mai wuni a daji da jaka a baya, ya nemi 20,000.

Lamba ta biyu ita ce ta numfashin ƙyalle: giram nawa na tururi ke fita ta murabba'in mita ɗaya cikin awa 24. Nan ne nake cewa a yi hattara. Hanyoyin gwajin sun bambanta, don haka 15,000 ɗin wannan kamfani ba lalle ya zama daidai da na wancan ba. Sannan a ɗakin gwaji aka samo lambar. Tururi yana fita ne in cikin riga ya fi waje ɗumi da danshi. A Sikotland, inda waje ke da sanyi, dabarar tana aiki gwargwado. Amma wanda zai hau duwatsun Shere a Jos cikin watan Agusta, ko ya bi hanyoyin Mambila da damina, iskar waje ma cike take da danshi, ƙofofin nan ba za su yi masa abin a-zo-a-gani ba. Shi ya sa ni na fi yarda da zif ɗin hammata fiye da kowace lamba. Ka zuge shi a hawa iska ta ratsa, ka rufe shi kafin gangara. Rigar da ba ta da shi, kome tsadarta, sai na yi tunani sau biyu.

Akwai kuma maganar hawa-hawan ƙyalle. Mai hawa uku ita ce wadda aka manne ƙyallen waje da yaɗin tsakiya da shafi na ciki suka zama abu ɗaya. Ta fi ƙarko, ta fi daɗi a fata, ta kuma fi tsada. Wadda suke kira mai hawa biyu da rabi ba ta da shafi, wani ɗan zane kawai aka buga a cikinta. Ba ta da nauyi, tana naɗewa ta shige aljihu, sai dai in ka yi gumi takan manne a hannu kamar leda. In rigar za ta wuni a jikinka, ɗauki mai uku. In a jaka za ta zauna don ko-ta-kwana, ɗayar ta wadatar.

Ɗinki kuwa, ba a gane shi a tsaye gaban madubi. Mai keke a sunkuye yake, hannaye a miƙe. To ka sa rigar, ka sunkuya kamar ka kama kan keke. Bayanta ya rufe maka ƙugu har mazaunai, ko ya ɗage ya bar wa tayar baya fili? Hannun ya kai wuyan hannu, ko ya tsere? Gaban ya tattare a ciki? Sannan hular rigar: ka je da hular kwanonka ka gwada ta a kai, ka juya hagu da dama, ka ga ko tana bin kanka ko tana rufe maka ido. A duba kuma ko akwai abin ɗaure ta in ba a sa ba, don a gangara takan cika da iska ta riƙa ja da baya. Kada rigar ta yi ɗamau, a bar wa ta ciki wuri. Ta cikin kuma kada ta zama auduga, don auduga in ta sha ruwa ba ta saki.

(Kiɗa kaɗan.)

Da yawa daga cikinmu a gwanjo irin waɗannan riguna ke iso mana, kuma ni ma na taɓa ƙonewa. Na samu wata ja, kyakkyawa, da sunan babban kamfani a ƙirji, na biya ina murna na yi tsintuwa. Ruwan farko da ya same ni a cikinta, kafaɗuna biyu suka jiƙe jagab. Da na koma gida na juya cikinta waje, sai ga wani farin abu kamar amosani yana zuba daga wuyanta, shafen roban ne ya tsufa yana marmashewa. Ƙyallen manne da ake liƙawa a bayan kowane ɗinki don toshe ramin allura kuwa ya ɗaɗɗago, yana reto kamar ɓawon rake. Matsalar Macintosh ce ta shekara ɗari biyu ta dawo mini a kafaɗa. Tun ranar, kafin in tambayi kuɗin riga sai na juya ta. In bi ɗinkin kafaɗa da na hula da yatsa, in ɗaga ta ga hasken rana, in shinshina. In na ji tana danƙo ko tana tsami, in ajiye wa mai ita abinsa.

Gwaji na ƙarshe shi ne na ɗigon ruwa. Kun san yadda ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza, ya gangare ya bar ganyen a bushe? Haka ake so ya yi a bayan riga, kuma wani sinadari ake shafawa don haka. In shafin ya gushe, ƙyallen waje sai ya sha ruwa ya yi duhu, ya yi nauyi, ya toshe wa tururi hanya. Mai riga sai ya ce rigarsa ta fara yoyo, alhali gumin kansa ne ke jiƙa shi.

Shekaru da dama da sinadaran da ake kira PFAS ake wannan shafi. Suna korar ruwa da maiƙo sosai, amma ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, har an gano su a jinin mutane, don haka hukumomi a Turai da wasu jihohin Amurka suka fara taƙaita su, kamfanoni kuma suna komawa ga wasu. Sababbin shafe-shafen suna korar ruwa, sai dai datti da maiƙon jiki sun fi saurin kashe su, ga mai keken duwatsu kuwa kullum cikin laka yake. Ke nan wanki ya zama dole, ko da yake mutane da yawa tsoron wanke irin wannan riga suke yi. A zuge zif duka, a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa, ban da bilic, ban da turaren tausasa kaya, a ɗauraye sau biyu. In ta bushe, kuma takardar wuyanta ta yarda, a shimfiɗa tawul a kai a bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, domin ɗumi yana farfaɗo da shafin. Sai a yayyafa mata ruwa a gani. In ya dunƙule ya gangara, a rataye ta a inuwa, kada a cusa ta jaka da sauran danshi.

Nan za mu dakata a shirin na yau. 

(Sautin ruwan sama ya dawo, ya ɗauke.)