Idan Mugu Ya Karɓi Bakin Labari

Shirinmu na yau kan wani irin wasa ne da samari ke yi a ƙasashe da dama, wasu a zaune kan tabarma ɗaya, wasu ta waya. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zama shi, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Inda aka yi gardama sai a jefa ɗan lido ya raba. A 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ya buɗe wannan hanya, kuma a cikinsa yawanci jarumai ake zama. A 1991 sai ga Vampire: The Masquerade, inda masu wasan su ne dodannin da ke shan jinin mutane. Tambayar da iyaye za su yi ita ce: ya dace yaro ya zauna yana rubuta labari da bakin mugu? Ra'ayinmu shi ne ya dace, amma da sharaɗi.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakannin da suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna a Sudan sun zo da Gizo a bakinsu, kuma Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar Ƙoƙi. Duk da haka shi tatsuniya take bi. Muna jin yunwarsa, muna tare da shi lokacin da yake ƙulla dabara, kuma ba mu taɓa jin an ce tatsuniya ta mayar da yaro ɓarawo ba. A rubutu kuma, ku tuna Wazirin Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, wanda kwaɗayin sarauta ya sa ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Mai karatu daga waje yake ganinsa. To, a ba wani saurayi wannan Waziri a ce ya zama shi. Ba zai iya cewa "ni maci amana ne" ya tsaya nan ba, domin wasan ba zai tafi ba. Dole ya nemo abin da Waziri yake gaya wa kansa da dare: na yi shekaru ina riƙe da ƙasar nan, na fi kowa sanin aikinta, yau a miƙa ta ga yaro? Da saurayin ya furta wannan, ya gane cewa cin amana yakan zo wa mai shi ne da sunan neman haƙƙi.

Sudan ma ta ba duniya babban misali. A 1966 Ɗayyib Salih ya fitar da Mausimul Hijra ilash Shamal, inda Mustafa Sa'id, wanda ya kashe matarsa a Landan, yake ba da labarinsa da kansa. Marubucin bai wanke shi ba. Ya bar shi ya kawo hujjarsa ta ramuwa a kan mulkin mallaka, sannan ya nuna matan da suka halaka ta dalilin wannan hujja.

Wani zai ce zuciya takan karkata ga abin da ta daɗe tana saurare, kuma ƙawata maganar mugu kira ne zuwa ga mugunta. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai Alƙur'ani mai girma, wanda ya fi ƙarfin a kwatanta shi da wani labari, ya kawo mana hujjar Iblis kan wuta da yumɓu, ya kawo taƙamar Fir'auna, ya kawo shawarar da 'yan'uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, suka yi a asirce, har da niyyarsu ta zama mutanen kirki bayan sun aikata. An sanar da mu waɗannan ne domin mu gane irin maganar idan ta taso a zukatanmu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma nan ne ya kamata mu daɗe. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya shiga Sinja a Yunin 2024. Akwai masu jinmu yanzu da suka bar gida da gona, akwai waɗanda suka binne nasu. Mutum irin wannan yana da haƙƙin ya ce ba ya son jin uzurin kowane azzalumi, kuma bai halatta a zaunar da shi a wasan da zai tayar masa da miki ba. Amma mu duba wane labari ne ya fi haɗari. Labarin da mugunsa dodo ne kawai, ba uwa, ba tsoro, ba dalili, shi ne yake koya wa yaro cewa mugunta jinin wasu mutane ce, can daban da mu. Daga nan zuwa kiran ƙabila guda dodanni taki ɗaya ne. Hausawan yankin Damazin da Rusairis sun ɗanɗana wannan a rikicin Yulin 2022. Zuriyar waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa Sudan, su ma sun san yadda mai nasara yake rubuta wanda ya kayar. Saurayin da ya taɓa zama cikin rigar Waziri, ya ji yadda uzuri ke haɗa kansa a ransa, zai yi wuya a shawo kansa cewa mugunta ta maƙwabta ce kaɗai.

Sharaɗin kuwa yana hannun mai jan labari. Wanda aka zalunta a cikin wasan dole ya zama mutum mai suna da dangi, ba adadi ba. Idan ɗan wasa ya ƙone rumbun manomi, to a zama na gaba ya haɗu da 'ya'yan manomin a kasuwa suna neman abin sawa a baka, kuma a tambaye shi me zai ce musu. Kada a ɗauko ƙabila ko mutumin da ke raye a ba shi matsayin mugu. Kafin a fara, a tambayi kowa abin da ba ya son a taɓa, kuma duk wanda ya ce a dakata, a dakata nan take ba tare da an nemi ya faɗi dalili ba.