Ƙidayar Kaya Ce Tushen Tsara Hanyoyin Potiskum

Duk wanda ya kwana a unguwar Bolewa a daren kasuwa ya san tireloli ba sa barin garin Potiskum ya yi barci. Kowace Laraba akan yi lodin shanu zuwa Kudu, ban da buhunan gero da wake. Hanyar Kano ta Azare da ta Jos ta Bauchi a nan suke haɗuwa kafin su nufi Damaturu da Maiduguri. Layin dogon da ya isa Maiduguri a 1964 kuwa ta Gombe da Buni Yadi ya bi, saboda haka dukkan wannan nauyi a kan kwalta yake sauka.

To amma tan nawa ne, daga ina, zuwa ina? Ƙirga motoci a bakin hanya ba ya amsa wannan tambaya, domin tirelar da ta dawo fanko da wadda aka cika maƙil da siminti, a takarda duk ɗaya ce. Ga hanya kuwa ba ɗaya ba ne. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan tayoyi, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ƙaru kamar sau 16.

Tun 1993 Amurka take gudanar da ƙidayar safarar kaya ta ƙasa, kuma daga 1997 duk shekara biyar ake yin ta. Ana tambayar masana'antu da manyan diloli irin kayan da suka aika, nauyinsa, darajarsa da inda ya nufa. Jihohi sukan ɗauki alkaluman su tsara inda za a faɗaɗa hanya.

Sai dai ko a can, ƙidayar ba ta shiga gonaki, kuma alkalumanta na manyan yankuna ne, watau dole kowane gari ya cike giɓin da nasa binciken. Wannan shi ne abin lura a gare mu. Cinikin Potiskum a hannun makiyaya, dillalai da 'yan kamasho yake, waɗanda ba su cikin rajistar kamfanoni. In Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, wadda aka kafa a 1986, ta kwaikwayi wancan tsari ba gyara, lalle babbar kasuwar shanun nan za ta fito a takarda kamar ƙauye.

Alhali bayanin yana nan a warwatse: rasit ɗin kuɗin shiga na kasuwa, littattafan lodi na ƙungiyoyin direbobi da masu motoci. Tattara su shekara guda, kaka da rani, ya isa ya nuna wa Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Yobe inda ya kamata a kafa sikelin auna motoci, da kuma titin da zai kewaye da tireloli daga tsakiyar gari. Mai mota ma ribarsa ce, domin zai san watan da ya fi samun lodin dawowa.