Cututtukan da Ba a Ɗauka da Illarsu ga Tattalin Arziki

Abin nufi da cututtukan da ba a ɗauka shi ne irin su ciwon zuciya da ciwon sukari da sankara, watau masu daɗewa a jiki ba tare da tsallakawa zuwa ga wani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 sun hallaka mutum miliyan 43, kuma miliyan 18 daga ciki ba su kai shekara 70 ba.

Adadi na biyun nan shi ne abin dubawa, domin da yawansu da sauran ƙarfin aiki a jikinsu. Asara kuwa takan soma tun kafin rasuwa. Alal misali, manomin da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar gona ke nan, sa'an nan wani a gidan ya ajiye sana'arsa ya zauna jinya, kuɗin taki kuma su tafi magani.

A 2011 Dandalin Tattalin Arziki na Duniya da Jami'ar Harbad sun yi hasashen asarar dala tiriliyan 47 cikin shekara 20, in an haɗa da cututtukan taɓin hankali.