Gubar Dalma a Cikin Gidajenmu



Dalma guba ce, kuma ta fi cutar ƙananan yara. In ta shiga jini tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai ka ga yaro ya kasa riƙe karatu, a yi ta ce masa daƙiƙi alhali ba laifinsa ba ne. A shekarar 2010 gubar nan ta kashe yara sama da 400 a jihar Zamfara ta Najeriya, saboda niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje.

To a gida ina take ɓuya? Ana samunta a tsohon fenti mai ɓarewa, da batirin mota, da wasu tukwanen da aka zuba da tarkacen ƙarfe, har da kwallin dutse mai ƙyalli da ake sa wa jarirai.

Akwai ɗan tsinken gwaji mai auduga a kai. Za ka jiƙa shi yadda takardarsa ta ce, ka goga a jikin bango ko tukunya kamar daƙiƙa 30. In audugar ta koma ja, to akwai dalma. Sai a ɗauke abin daga inda yara suke, a wanke hannu da sabulu.

Amma fa tsinken yana iya kuskure. In bai yi ja ba, ba shi ke nan an tsira ba. Yaron da ake zargin ya sha gubar, a kai shi wajen likita a auna jininsa.

Allah Ya tsare mana ƙannenmu, amin.