Giyar da Ƙurar Jibiya Ba Ta Iya Ci

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, keke ya dawo da martabarsa a Jibiya. Daga cikin gari zuwa Magama, har a tsallaka Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar, ɗalibai da 'yan tireda da manoma sun koma taka feda. Da yawa kekunan gwanjo ne irin na hawan dutse, masu giya a waje. Babbar matsalarsu ita ce rairayi. Ƙurar hunturu na haɗuwa da man sarƙa ta yi ta cin haƙoran giya, ga hannun da ke sauya sarƙar yana reto kusa da ƙasa, faɗuwa ɗaya ya lanƙwashe.

Akwai dabarar da ta fi dacewa da irin ƙasarmu, wato giyar da ke rufe cikin cibiyar tayar baya. Kamfanin Sturmey-Archer na birnin Nottingham a Ingila ya fara ƙera ta a 1902, kuma ita ce ke kan wasu tsofaffin kekunan Raleigh. A cikinta ƙananan haƙora ne ke kewaya na tsakiya, cikin mai, ƙura ba ta kai musu. Mai hawa uku tana rage gudu da kashi 25 cikin ɗari a giya ta ɗaya, ta ƙara kashi 33 a ta uku. Yau Shimano na yin mai hawa 8 da 11, Rohloff na Jamus kuma mai 14. Ga wanda ya ɗauro buhun gero ya tsaya a shingen jami'ai, babbar fa'idarta ita ce ana sauya giya ko keke na tsaye.

Wurin ɗaurawa ne ake ɓata ta. Da farko sai an sake saƙa tayar, domin cibiyar ta fi kauri, tsofaffin wayoyin sun yi mata tsawo. Sannan akwai wasu washa biyu masu ɗan haƙori da ke hana ƙarfen tsakiya juyawa. Mai gyaran da ya ɗauke su washa ce kawai ya yar, ya kashe cibiyar, ya kuma ci bakin firem. Kekunan hawan dutse da yawa ba su da wurin ja da taya baya, don haka sai an sa abin ɗame sarƙa.

Saitin wayar sauya giya kuwa shi ne ran aikin. A Shimano mai hawa 8, a sa giya ta huɗu, a murɗa notin saita wayar har layuka biyu masu ruwan ɗorawa da ke jikin cibiyar su daidaita. Kuskuren da bai kai kaurin tsinke ba ya isa giya ta riƙa zamewa tana ƙara, mai keke ya ce kayan ne ba kyau.

A gani na, mai hawa uku ta ishi mai zirga-zirgar Jibiya da Magama, domin hanyar ba tudu sosai, kuma gyaranta ya fi sauƙi. Sai dai kafin ka saya, ka tambayi mai gyaranka ko ya taɓa buɗe irinta, ka kuma tabbatar washa biyun nan suna cikin kayan.